Dare huɗu da littafin ɗiyar Yaya

Abin nan a gidanmu ya faru nan Garwa ta arewacin Kamaru, cikin hutun ƙarshen zango na biyu wajen ƙarshen watan Maris, lokacin da zafi ke sa mutum ya jawo katifa tsakar gida tun kafin isha. Na zauna rubuta shi dalla-dalla ne saboda duk abokiyar aikin da na ba labari a makaranta sai ta ce wallahi ita ma tana da irin wannan rigimar ta abin da yara ke karantawa da kallo a gida, kuma na lura abu biyu kawai muke yi mu manya, ko mu ƙwace waya mu yi ta faɗa, ko mu kau da kai mu ce zamani ne ya zo da haka. Ni ma ɗaya daga cikin biyun nan na tashi yi tun farko.

Ni malamar firamare ce, shekarata 44. Gida ɗaya muke da yayana, yana sashensa ina nawa tun da aurena ya mutu na dawo gida, kuma ɗiyarsa ta fari a hannuna take tun rasuwar mahaifiyarta shekara huɗu da suka wuce, ɗaki ɗaya muke kwana. Yanzu shekararta 16, tana ajin puremiya a lise, wato ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, bana za ta rubuta jarrabawar purobatuwar. Yarinya ce mai shiru, irin shirun da manya ke yabawa su ce kai ga mai hankali, ni ma haka na yi ta yabawa shekara huɗu cur ban taɓa zama na tambayi kaina me ke kwance ƙarƙashin shirun ba.

Wata Laraba bayan la'asar ta je ta durƙusa gaban babanta ta ce ƙawayenta su biyar sun shirya kallon wani fim ranar Asabar a gidan ɗayarsu can Rumde Ajiya, a kwamfutar yayan yarinyar, tana neman izini. Yaya ya ce na Hausa ne ko na Indiya? Ta ce na Amurka ne amma da Faransanci, daga wani littafi aka yi shi wanda dukansu suka karanta. Ya ce labarin me? Ta sunkuyar da kai ta ce labarin wata yarinya ne da wani yaro. To nan fa magana ta ƙare. Ya ce "Ba inda za ki. Littafin kuma ki ɗauko ki ba Goggonki yanzu." Da ta fita ya juyo ya ce min in duba, in na banza ne in cusa shi a murhu kawai ba sai na dawo masa da zance ba.

Littafin ya sha hannu. An lulluɓe bangon da takardar kalanda an bi da sikoc, gefen shafukan ya yi baƙi, yayar wata 'yar ajinsu ce ta sayo shi a Yawunde wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, waɗanda ake ce wa poto, daga nan ya yi ta zaga aji har ya iso hannun tamu. Sunansa Nos étoiles contraires, fassara ce, wani Ba'amurke John Green ya rubuta shi da Turancin Ingilishi ya fito a 2012 da sunan The Fault in Our Stars, na Faransancin ya biyo a 2013, fim ɗin kuma a 2014. Wato ba ma sabon abu ba ne, lokacin da fim ɗin ya fito yaran nan ko firamare ba su yi nisa ba, sai yanzu ya zagayo kansu ta waya. Ya haura shafi 300.

Gaskiyar niyyata a daren farko ita ce in bubbuɗe shi sama-sama, in nemo shafin da ake rashin kunya, in lanƙwasa, gobe in nuna mata in ce kin ga dalilin babanki. Abin da ya tsayar da ni shi ne na tuna kaina. Ina 'yar shekara 14 zuwa 15 'yan kasuwar da ke zuwa Yola suna shigo mana da littattafan soyayya na Kano cikin kayan atamfa, mu da ba a koya mana Hausar boko a makaranta ba, da Faransanci muka tashi a aji, wallahi a cikin littattafan nan na koyi karanta harshen uwata. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zaga unguwarmu har ya rabu gida biyu, kuma shi ma an mayar da shi fim a 1994, muka yi ta jiran kaset ɗin ya iso. Ranar da Inna ta kama ni da wani littafin ƙarƙashin tabarma ba ta buɗe ba, ba ta iya karatun boko ba ma, ta jefa shi a wuta gabana. Ban daina karantawa ba, ɓoyewa na ƙware a kai, kuma daga ranar ban sake kai mata wata maganar da ta shafi zuciyata ba har ta koma ga Allah. Da na tuna wannan sai na rufe tsakiyar littafin na koma shafin farko.

Wuta ba ta zauna ba a daren, da tocilar waya na karanta a tsakar gida kowa na barci. Na zata zan tarar da 'yan mata da samari a wurin rawa, sai na tarar da yarinya 'yar 16, Hazel, tana jan tukunyar iskar oksijin duk inda za ta, roba a hanci, kansa ta fara mata a wuya ta gangara huhu, likitoci sun ce ba warkewa sai dai a ja kwanaki da magani. Uwarta ce ke tilasta mata zuwa wani taron yara masu kansa a ƙasan wani coci a garin Indiyanapolis, can ta haɗu da yaron, Augustus, ɗan 17, shi kuma kansar ƙashi ta sa an yanke masa ƙafa ɗaya. Da bakin yarinyar aka ba da labarin duka, kuma bakinta da kaifi, ba ta son a ji tausayinta. Na kai wajen shafi 70 kiran assalatu ya same ni.

Dare na biyu ne ya canja komai, kuma ba labarin ne ya yi hakan ba, gefen shafukan ne. Tun da littafin ya bi hannu da yawa kowacce ta bar alamarta, yawanci da bik shuɗi, a ja layi a ƙarƙashin kalaman da yaron ke yi wa yarinyar, a zana zuciya, a rubuta abin dariya da Faransanci. Amma akwai wani hannu daban, na fensir, siriri, wanda ba ya taɓa wuraren soyayyar sam. Inda yake ja layi shi ne wurin asibiti, wurin allura da ruwan da ake zuƙewa daga huhu, wurin da uban ke kuka, wurin da yarinyar ke kwatanta kanta da gurneti ta ce tana so ta rage yawan mutanen da za ta raunata ranar da ta fashe. Ni na koya wa ɗiyar Yaya riƙe fensir, ko cikin duhu na san jan layinta. Sai na iso wurin da Hazel ke tuna ranar da ta kusa mutuwa a ɗakin masu tsananin ciwo, ta ji uwarta na kuka a ƙirjin uban tana cewa ita shi kenan ta daina zama uwa. A gefen wannan wurin, da Hausa, ƙanana-ƙanana kamar mai tsoron a gani, an rubuta: ni kuma ɗiyar wa ce yanzu.

Na kashe tocilar na zauna, ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba.

Dole in koma baya kaɗan don a gane. Matar Yaya kansar mama ce ta yi ajalinta. An gano a makare, kafin nan an yi na gargajiya an yi rubutu, sannan asibiti a nan, daga baya aka ce sai an je Duwala a yi gashi. Wanda ya san hanyar ya san me ake nufi, mota daga Garwa zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, tafiyar sama da kilomita 600, sannan wata motar zuwa Duwala, da mace mai ciwo a jiki. Sau uku Yaya ya yi wannan tafiyar da ita, ya sayar da motonsa ya sayar da filinsa. Duk tsawon wannan lokacin kalmar kansa ba ta taɓa fita daga bakin kowa a gidan ba, sai dai a ce jinya, a ce ciwon nan, a ce jiki da sauƙi alhamdulillahi ko da ba sauƙin. Yarinyar tana 12, kullum ce mata ake Mama ta je ganin likita za ta warke. Da jiki ya yi tsanani muka tura ta Pitowa wurin kakarta, ni da kaina na haɗa mata kaya, muka ce kar ta ga abin da zai tsaya mata a rai. Sai bayan an dawo daga maƙabarta aka je aka ɗauko ta. Ta shigo ta ga gida cike, aka ce ta yi haƙuri, ta yi. Kuma duk mun ɗauka mun kyauta mata.

Dare na uku na tarar da abin da na fito nema tun farko, kuma ba zan rufe shi ba don labarin ya taɓa ni. Yaran biyu sun tafi Amstadam ta ƙasar Holan tare da uwar yarinyar don su ga wani marubuci da take ƙauna, suka same shi mashayi mara mutunci. A tafiyar an ba su giya a gidan abinci sun sha, yara ƙanana. Sun yi sumba a gidan tarihin Anne Frank, yarinyar Bayahudiyar nan da ta ɓuya da danginta a lokacin yaƙin duniya na biyu ta mutu a sansanin 'yan Nazi a 1945, kuma wai mutanen wurin har da tafi, ni dai wannan bai kwanta min ba ko kaɗan, wurin makoki ne. Daga nan suka wuce ɗakin otal su biyu. Marubucin bai baje abin ba, gajere ne, amma ba mai karantawa ya kasa gane me ya faru, kuma an kawo shi a matsayin abu mai kyau wanda ba laifi a ciki. Ga yaron da sigari a baki kullum ko da ba ya kunnawa. Ga iyaye na barin saurayi da budurwa su kaɗai a ɗaki. Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda ake maganar mutuwa ba tawakkali, yarinyar ba ta da tabbacin akwai wata rayuwa bayan wannan, yaron ya yarda akwai wani abu amma bai san mene ne ba. Yarinyar da ta rasa uwa tana karanta wannan ita kaɗai cikin dare, ba wanda zai ce mata mu ga abin da muka yi imani da shi, wannan ya tsorata ni fiye da ɗakin otal ɗin.

Dare na huɗu yaron ya mutu. Shi da ake ganin ya warke ciwon ya dawo masa ko'ina, kuma littafin bai yi masa kwalliya ba, ya nuna shi yana fitsari a kwance, yana amai a jikinsa cikin mota a gidan mai, yana kuka don ya kasa yi wa kansa komai. Na yi jinyar matar Yaya, na san wannan gaskiya ne. Fensirin nan ya bi wuraren nan duka layi bayan layi. Sai na gane me take yi, tana neman kwanakin da muka ɓoye mata ne a cikin littafin wani Bature, tana so ta san yadda uwarta ta ƙare.

Ranar Lahadi, Asabar ɗin kallon ta riga ta wuce ba ta je ba kuma ba ta ce uffan ba, na sami Yaya bayan isha yana kan tabarma da rediyonsa. Na ce "Yaya, ina da magana kan littafin nan." Na fara da munanan, ban rage ko ɗaya ba, giyar, sumbar, otal ɗin, maganar lahira. Ya ce "To ai shi kenan, me ya rage?" Na buɗe shafin na haska masa. Faransancinsa na kasuwa ne amma Hausa yana karantawa sarai. Ya karanta, ya sake karantawa, ya kashe rediyon. Can ya ce "Mun yi ne fa don mu kare ta." Na ce na sani Yaya, ni na haɗa mata kayan. Ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce gidan mutane dai ba za ta ba, ba ya son ta zauna gaban kwamfutar wani saurayi ko da yayan ƙawarta ne, amma in na ga zan iya zama da su a nan gida in sa ido, shi ba zai hana ba, kuma ba zai kalla ba.

A nan akwai abin da ya kamata iyaye su gane game da yadda fim ke shigowa gidajenmu. Silimar da muka sani muna yara a garin nan ta daɗe da rufewa, a 2009 ma ragowar manyan silimun ƙasar na Yawunde da Duwala da Bafusam duk suka rufe, sai a 2016 Canal Olympia ta buɗe a Yawunde, mu nan arewa kuwa fim ta filash yake zuwa da katin waya, ka ba mai shago 'yan canji ya cika maka. A Amurka an sa wa wannan fim ɗin alamar cewa yaron da bai kai 13 ba sai da lurar iyaye. A nan ba mai tsayawa a ƙofa, ba alama, ba kowa. In ba a kalla a falonka ba za a kalla a ƙarƙashin bargo. Shi ya sa "ba za ki ba" ɗin Yaya, duk da na fahimce shi, ba fim ɗin ya hana ba, zaman da babba zai yi kusa da ita lokacin da take kallo ya hana.

Maganar da na yi da ita ta fi wuya. Na ce na karanta littafin duka. Ta zaro ido. Na ce na ga rubutunki, ki yafe min, ba leƙen asirinki na je yi ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce "Goggo ai su ba sa karanta Hausa, shi ya sa." Yawancin ƙawayen Fulani ne, Fulatanci da Faransanci suke yi. Na gaya mata sharaɗi, a nan gida za a kalla, ina zaune, kuma wurin otal zan tura gaba. Nan ta yi gardama, karon farko da ta taɓa ja da ni, ta ce ai duk mun riga mun karanta wurin, me za a ɓoye. Na ce abin da kika karanta ke kika zana shi a ranki gwargwadon abin da kika sani, wanda za a nuna kuwa jikin mutane ne tsirara a gaban idonki, kuma 'ya'yan mutane amana ne a falona. Ba ta gamsu ba amma ta yarda.

Na kira iyayen yaran biyar ɗaya bayan ɗaya na gaya musu abin da ke cikin fim ɗin ba rufa-rufa. Uku suka amince. Ɗaya ta ce a'a cikin mutunci. Ɗaya kuwa ta wanke ni tas, ta ce malama guda ki tara 'yan mata kallon sumbar Turawa, in ɗiyarki ce ta cikinki za ki yi? Maganar ta soke ni don ban taɓa haihuwa ba, amma ban riƙe ta ba, tsoron da take ji na gaske ne kuma ni ma shi nake ji. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da na ce mata akwai na Indiya, Dil Bechara, wanda ya fito a 2020 'yan makonni bayan mutuwar jaruminsa Sushant Singh Rajput, labari ɗaya ne aka sauya masa riga, sai ta ce ai wannan suna da shi a gida sun kalla da yaran gaba ɗaya. Mun saba da Indiya tun kakanni har mun daina tambayar me ke ciki, na Amurka kuma sunan kaɗai ya isa a yanke hukunci.

Asabar ta zagayo, na haɗa folere mai sanyi na soya makala, muka fito da tele baranda saboda zafi, su huɗu da ni ta biyar. Fim ɗin awa biyu ne da 'yan mintuna. Tun a farko na ga amfanin karatun da na yi, don na san hanya, na san inda za a lanƙwasa, rimot na hannuna ban zauna cikin fargabar me zai faɗo ba. Da aka zo otal na tura gaba, ɗaya ta yi ƙaramin tsaki ta kama bakinta, aka ci gaba. Su kuma ashe da littafin a ka suke kallo, kowacce na kama abin da aka cire. Ina budurwarsa ta farko wadda kansar ƙwaƙwalwa ta kashe? Babu ita a fim. Ina ƙawar Hazel ta makaranta? Babu. Wasiƙar ƙarshe ma ba ta hanyar da ta zo a littafi ta zo ba, a fim marubucin nan ne ya miƙa mata ranar jana'iza. Suna ta musu wanne ya fi, ni kuma abin da nake gani daban ne, fim ɗin ya wanke ciwon ya goge shi. Shailene Woodley da ta fito a Hazel kyakkyawa ce sumul, robar hanci kawai ke nuna ba ta da lafiya, yaron ma har ya kusa mutuwa fuskarsa ba ta zube yadda ta mai kansa ke zubewa ba. Da fim ɗin kaɗai na kalla ba tare da littafin ba, wallahi da na ce soyayyar yara ce kawai aka yayyafa mata ciwo don a sa mutane kuka, kuma da na goyi bayan Yaya ɗari bisa ɗari, don a fim ba gefen shafi inda yarinya za ta bar maka alama.

Ana cikin wurin da jikin yaron ya rikice aka ɗauke wuta. Muka zauna cikin duhu muna fifita da kwali, kusan minti 40. A cikin duhun nan ne tamu ta ce, ba da ni take ba, ba da kowa ba, "Ba haka mai wannan ciwon yake komawa ba." Wata ta ce ke ina kika sani? Ta ce ta leƙa ta taga, daren da za a kai ta Pitowa, ta ga Goggo na juya Mama a kan gado kamar jaririya, hannun Mama ya zama kamar sanda. Shekara huɗu tana ɗauke da wannan hoton ita kaɗai, mu muna can muna cewa mun hana ta gani. Ƙawayen suka yi tsit, sai ƙaramarsu ta fara ba da labarin ƙaninta mai sikila da yadda take jin ihunsa da dare, wata ta kawo na kakarta. Na samu na shigar da abin da ke raina tun dare na uku, na ce su yaran cikin labarin ba su san inda za su ba shi ya sa tsoron a manta da su ya cika musu zuciya, mu kuwa mun san mamacinmu yana amfana da addu'ar ɗansa, kuma ɗiya ba ta daina zama ɗiyar uwarta don an binne uwar. Ban yi dogon wa'azi ba, iya abin da na faɗa kenan. Da wuta ta dawo muka ƙarasa, suka yi kukansu, na raka kowacce har bakin titi ta hau moto.

Ba komai ne ya gyaru ba. Na san sarai wurin da na tura gaba yana cikin wayar ɗaya daga cikinsu, ƙila kafin Litinin duk sun gani, abin da na iya shi ne na nuna musu inda iyakar gidana take da dalilinta. Matar da ta yi min faɗa har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Kuma karantawa ba ta nufin amincewa, don bayan wannan na ce ta nuna min abin da suke bi a Wattpad, manhajar karanta labarai a waya, na karanta biyu, ɗaya na ce sam ba da yawuna ba, labarin saurayi ne mai kishin hauka yana bincike wayar yarinya yana daka mata tsawa yana fasa kaya, kuma wai duk wannan alamar so ce mai zafi. Wannan ya fi littafin masu kansa haɗari nesa ba kusa ba, ga shi ba ruwan kowa da shi don ba a yi maganar zuwa kallonsa gidan wani ba. Mun yi doguwar muhawara a kai, wannan karon ta saurare ni, ina jin don ta san na karanta ne kafin in buɗe baki.

Shi Yaya bai kalla ba kamar yadda ya faɗa, amma ɗakinsa na jikin baranda kuma a lokacin da aka ɗauke wuta rediyonsa a kashe yake. Kwana biyu bayan haka da safe kafin ya fita kasuwa ya kira ta, ya ce ni ma in zo. Ya jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, ya fito da wata leda, a ciki akwai karnen asibitin mahaifiyarta guda biyu, wato littafin da likita ke rubutu a ciki, takardun gwaji, har da tikitocin jirgi. Ya ce "Kansa ce. Kansar mama. Ke kin yi boko, karanta ki gani, abin da ba ki gane ba ki tambayi Goggonki." Ta riƙe karnen da hannu biyu tana bin rubutun likitoci da yatsa. Ta tambaya ko ana gadonsa, Yaya ya dube ni, na ce akan samu a wasu dangin, in an gama purobatuwar za mu je mu ga likita mace ta yi mana bayani ta koya mana yadda ake duba kai, ni da ita duka.

Sai ta ɗauki tikiti ɗaya ta ce Baba yaya tafiyar take. Ya gyara zama ya fara lissafa mata tashoshin, Ngaundal, Belabo, Nanga Eboko, yadda sanyin dare ke shigowa ta taga bayan an bar zafin Garwa, yadda yake cire babbar rigarsa ya lulluɓe mahaifiyarta. Ya ce a Ngaundal mata ke zuwa jikin jirgi da zuma a kwalabe, kuma a dawowarsu ta ƙarshe, tana ko iya zama ba ta yi, ta tashe shi ta ce ya miƙa hannu ya sayi kwalba ɗaya. "Zumar nan da aka aika miki Pitowa, ita ta ce a saya miki." Na tashi na bar su na je ɗora ruwan koko, har na dawo yana ba ta labarin.